Kafin Ka Kira Mai Tayil, Leƙa Ƙarƙashin Kafet

Tsofaffin gidaje da yawa a Ingila daɓensu na katako ne, daga baya aka lulluɓe shi da kafet. Idan Allah ya hore maka irin wannan gida, ɗaga kusurwa ɗaya tukuna ka gani. Sau da yawa katakon lafiyarsa ƙalau, datti ne kawai ya dusashe shi.

Sa takunkumi, domin ƙurar shekara da shekaru ce a ciki. Yanyanka kafet ɗin tsaga-tsaga ka nannaɗe, amma kada ka danne wuƙar har ta zana katakon. Sai aikin da ya fi cin rai: zare ƙananan ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya da filaya. Wadda ta ƙi fita, a doke ta ta nutse, in ba haka ba za ta yaga sanfefa idan ka zo gurza katakon.

Idan ka tarar da baƙin gam a manne, dakata. Wani irinsa na ɗauke da asbestos, wanda ƙurarsa ke jawo kansar huhu, kuma sai a 1999 Birtaniya ta haramta shi baki ɗaya. Kada ka gurje shi sai masana sun gwada.

Wajen gurza, fara da sanfefa mai kaushi, lamba 40, sannan 80, ka ƙare da 120, kana bin tsawon katakon. A ganina nan ne ake gane aikin kirki, kuma mai tsallake lamba zai ga zane bayan ya shafa banish. Share ƙura tas, ka shafa banish ɗin sau biyu ko uku, kowanne ya bushe kafin na gaba.

Don Allah kada a kwarara wa katako ruwa da sunan wanki, kumbura yake yi ya lanƙwashe.