Hasken Rana, Bitamin D da Barci

Jama'ar Dambatta, Bichi, Makoɗa, Kunci da sauran ƙasashen arewacin Kano, ga bayani a kan wani abu da ya shafi lafiyar kowane gida. Sau da yawa mutum yakan kwana yana juyi a kan tabarma, ya tashi da kasala da tsamin jiki, ya rasa dalili. Masana sun lura cewa wani lokaci irin wannan yana tafiya tare da ƙarancin wani sinadari a jiki, wanda ake kira bitamin D.

Mene ne bitamin D?

An ba shi wannan suna a Amurka cikin 1922. Yawancinsa fatar mutum ce ke yinsa sa'ad da rana ta taɓa ta, sa'an nan hanta da ƙoda su gyara shi don jiki ya yi amfani da shi. Babban aikinsa shi ne taimakon hanji ya tsotsi kalsiyam, watau sinadarin da ke gina ƙashi. In ya yi ƙaranci ƙwarai, ƙafafun yaro sukan tanƙware, babba kuwa ya yi ta fama da ciwon ƙashi da raunin tsoka. Wanda ƙashinsa ke ciwo kuwa, ina zai sami barci mai daɗi?

Abin da bincike ya nuna

Cikin 2018 waɗansu masana suka tattara bincike 9 da aka yi a kan mutane fiye da 9,000. Suka tarar masu ƙarancin bitamin D sun fi sauran fama da gajeren barci da barci marar nauyi. Amma fa a lura: tafiyar abu biyu tare ba ta tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifi ɗaya ba. Mai yini a ɗaki yakan rasa abu biyu a lokaci guda, watau bitamin D da kuma hasken da ke daidaita wa jiki lokacin barci da na farkawa. Saboda haka fita rana tana da amfani ta fuska biyu.

Wa abin ya fi shafa?

Manomin da ke yini yana noman gero, dawa da gyaɗa ba safai yakan rasa rana ba. Waɗanda za a kula da su su ne matan kulle, masu jego, tsofaffin da ƙafa ta gaza, da marasa lafiya na kwance. Baƙar fata kuma tana bukatar daɗewa a rana fiye da fara, hasken da ya ratso gilashin taga kuwa ba ya yin wannan aiki.

Rana ita kaɗai ba ta wadatar ba. Cikin 1999 aka buga binciken da likitoci suka yi a Jos a kan yara 123 masu tanƙwararrun ƙafafu. Waɗanda aka ba kalsiyam sun fi warkewa bisa waɗanda aka ba bitamin D kaɗai. Ashe ke nan abinci ma yana da nasa rabo.

Abin da za a yi

1. Mata su riƙa yin daka, wanki da sauran aiki a fili a tsakar gida bayan hantsi ya ɗaga, rana ta taɓa hannu da ƙafa na ɗan lokaci.
2. A fito da tsofaffi su sha hantsi kullum.
3. Kada a kai ƙwai duka kasuwa. Gwaiduwar ƙwai, hanta da kifi mai kitse suna da bitamin D. Nono, miyar kuka, zogale da ƙananan kifi da ake ci har ƙaya suna da kalsiyam.
4. A kawar da sauran masu hana barci: a rataya gidan sauro, a bar goro da shayi bayan la'asar, a ajiye waya in an kwanta.
5. Kada a sayi ƙwayar bitamin D a sha ba da umurnin likita ba, gama in ya yi yawa yakan taru a jiki ya cuci ƙoda.

Wanda rashin barci ya dame shi makonni, ko ya ga ƙafar ɗansa tana baka, to, lalle ya tafi asibitin Dambatta ko na Bichi, ko wanda ya fi kusa da shi. Mai gida shi ne da alhakin lura da iyalinsa. Wanda ya iya karatu kuwa, ya karanta wa wanda bai iya ba.