Wa Zai Ɗauki Ɗawainiyar Mai Koyon Malanta?

Bayani ga Hakimai da malamansu na ƙasar Rano da Kibiya

An shirya wannan darasi domin Hakimai da malamansu su karanta, sa'an nan su bayyana wa dagatai da masu unguwanni. Abin da a ke so a fahimta uku ne: irin kuɗin da ke kan yaron da ya ke neman koyon aikin malanta, da wuraren da taimako ke fitowa, da kuma abin da ofishin Hakimi zai iya yi a kai.

Dalilin wannan magana kuwa ba ɓoyayye ba ne. Ana iya gina aji cikin wata biyu, amma malami sai an shekara uku ana horonsa. Malamin da aka turo daga birni zuwa Tarai ko Zinyau sau da yawa ba ya daɗewa sai ya shiga neman canji. Ɗan gari kuwa gonarsa tana nan, iyayensa suna nan, ba ya ɗokin tashi. Saboda haka ƙasar da ta ke son makarantunta su tsaya da gindinsu, tilas ta fid da malamai daga cikin 'ya'yanta. Yaron da ya shiga kwaleji ya fita a tsakiya don rashin guzuri, asararsa ba ta gidansu kaɗai ba ce, har da ajin da ke jiransa.

Yadda aka yi da

A shekarar 1922 Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina don horon malamai. Daga cikin waɗanda suka fito daga nan akwai Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, wanda ya koyar a Midil ta Sakkwato, da Sir Abubakar Tafawa Balewa, wanda ya koyar a Midil ta Bauci. Daga baya aka yi ta buɗe makarantun horon malamai a larduna, kamar ta Wudil da ta mata ta Kano, inda a ke ba da takardar malanta mai daraja ta uku da mai daraja ta biyu.

A wannan zamani ɗawainiyar ɗalibi ba ta kan ubansa. Hukuma ke ba shi makwanci da abinci da littattafai, har da ɗan kuɗin kashewa. Shi kuwa abin da ke kansa, in ya gama ya komo ya yi wa En'e ɗin da ta aike shi aiki. Hakimai su ne masu fid da yara tun daga elementare, kuma sau da yawa sai an yi ta lallashin iyaye kafin su saki 'ya'yansu.

Da Gwamnatin Tarayya ta soma shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, sai bukatar malamai ta yi yawa ƙwarai, aka ƙara makarantun horo, Gwamnati ta ɗauki nauyin ɗalibansu. A wannan shekara ce kuma aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna, aka kuma sauke tsarin En'e aka kawo ƙananan hukumomi. Bayan wannan sai sha'ani ya sake. Aka daina karɓar takarda mai daraja ta biyu a kan ta isa, aka mai da takardar NCE ita ce mafi ƙanƙanta da mutum zai shiga aikin koyarwa da ita. Da haka mafi yawan nauyin ya komo kan iyaye. Da, hukuma ke neman yaro da guzurinta. Yanzu yaro ke neman hukuma da takardunsa.

Hanyar zama malami da abin da ta ke ci

Yaron da ya gama sakandare da kyakkyawan sakamako yana neman shiga kwalejin ilmi ta hannun hukumar JAMB. Karatun NCE shekara uku ne. Yaranmu sun fi zuwa Kwalejin Sa'adatu Rimi ta Kumbotso, wadda aka kafa a 1981, da Kwalejin Aminu Kano ta Shari'a da Addinin Musulunci, da Kwalejin Ilmin Sana'a ta Tarayya a Bichi, da tsohuwar Kwalejin Ilmi ta Tarayya ta Kano, wadda aka ɗaukaka ta zama jami'a aka sa mata sunan Yusuf Maitama Sule. In ya gama, sai ya yi rajista da hukumar rajistar malamai ta ƙasa, wadda aka kafa da dokar 1993.

Iyaye da yawa su kan ɗauka kuɗin rajista shi ne dukkan ɗawainiya. Ba haka ba ne. Ɗawainiyar kashi biyar ce: kuɗin takardar nema da jarrabawa, kuɗin rajista na ko wace shekara, makwanci da abinci, littattafai da kuɗin mota, sa'an nan kuɗin gwajin koyarwa, watau lokacin da a ke tura ɗalibi wata makaranta ya yi watanni yana koyarwa malamansa suna duba shi. Rajista sau ɗaya a ke biya a shekara, uba yana iya sai da buhun masara ko ɗan akuya ya fita. Ci da sha kuwa kullum ne. Ɗan birni yana kwana gidansu ya ci tuwon gidansu, amma ɗan Rurum ko Durba sai ya kama ɗaki. Wannan ne ya fi kayar da yaran karkara, musamman da damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi kuwa bai iso ba.

Taimako iri uku

Lalle ne malamin Hakimi ya iya rarrabe taimako iri uku, domin gauraya su shi ke jefa iyaye cikin ruɗu.

Na farko, kyauta da rangwame. Wannan ba a biya. A watan Agusta na 2023 Gwamnan Kano, Alhaji Abba Kabir Yusuf, ya yanke rabin kuɗin rajista a manyan makarantun jiha. Akwai kuma Hukumar Ba da Tallafin Karatu ta Jihar Kano, wadda ta kan kira 'yan jiha su cika takardun neman tallafi. Duk mai neman irin wannan sai ya nuna takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukumarsa, ita kuwa daga mai unguwa da dagaci da Hakimi ta ke farawa.

Na biyu, rance. A watan Afrilu na 2024 Shugaban Ƙasa ya sa hannu a sabuwar dokar ba ɗalibai rance, a watan Mayu kuma asusun NELFUND ya buɗe ƙofar nema. Rancen ya shafi ɗaliban jami'o'i da kwalejojin ilmi da na fasaha na Gwamnati. Babu ruwa a cikinsa, ba a kuwa neman mai tsaya wa ɗalibi. Kuɗin makaranta kai tsaye a ke biya wa kwaleji, ba ya shiga hannun yaro. Kuɗin ci da sha kuwa, wanda aka yanka naira 20,000 a wata a 2024, shi ke shiga asusun bankinsa, in ya nema. Dokar ta ce ba a fara biya sai bayan shekara biyu da gama hidimar ƙasa, sa'an nan a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Ana nema ta intanet, da lambar JAMB, da lambar zama ɗan ƙasa ta NIN, da lambar banki ta BVN. Ba a biyan ko kwabo don nema.

Na uku, alkawari. A ranar malamai ta duniya, cikin Oktoba 2021, Ministan Ilmi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya ba da sanarwar cewa za a riƙa ba masu karatun NCE naira 50,000 ko wane zangon karatu, masu digirin ilmi kuwa naira 75,000. Irin wannan sanarwa ana jinta a rediyo, iyaye su yi murna. Amma fa sanarwa daban, kuɗi a hannu daban. Kada uba ya gina lissafinsa bisa abin da bai iso ba. In ya zo, alhamdu lillahi, ƙari ne.

Lissafin rance

Ga misali wanda malamin Hakimi zai iya yi wa uba a takarda. A ce yaro ya karɓi naira 20,000 ko wane wata har shekara uku. A shekara ya ci naira 240,000, a shekara uku naira 720,000, ban da kuɗin rajistar da aka biya masa. A ce kuma ya kama aiki da albashin naira 71,000, watau mafi ƙanƙantan albashi da Jihar Kano ta yanka a 2024. Kashi 10 cikin 100 na wannan naira 7,100 ne. In albashin bai ƙaru ba, zai yi wajen shekara takwas da rabi yana biyan kuɗin ci da sha kaɗai.

Ba a kawo wannan lissafi don a tsorata kowa ba. Rancen da babu ruwa, wanda ba a biya sai an sami abin yi, ya fi sayar da gona nesa. Amma a gaya wa yaro gaskiya, bashi ne, kuma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Wanda gidansu ke iya aika masa da hatsi, ya ranci kuɗin rajista kawai ya bar sauran. Abin da aka biya kuwa shi za a ranta wa na baya.

Sha'anin 'yan mata

Iyaye da yawa a karkara sun fi sakin jiki da barin 'ya'yansu mata a makarantar da ke da malama. Don haka horon mace ɗaya yana iya riƙe 'yan mata da dama a aji. A 2008 aka soma wani shiri a jihohin Bauci, Katsina, Neja da Sakkwato da taimakon UNICEF, inda a ke zaɓen 'yan matan ƙauye a biya musu karatun NCE, bisa sharaɗin su komo su koyar a karkara shekara biyu. Daga 2015 kuma wani shiri da Bankin Duniya ya kula da shi ya taimaki malamai mata a jihohi biyar, har da Kano, su sami NCE. Irin waɗannan shirye-shirye su kan zo su wuce, kuma gundumar da ta riga ta san 'yan matanta da suka gama sakandare ita ke fara cin moriya. Matar aure wadda ba ta iya barin gida kuwa, Cibiyar Malamai ta Ƙasa tana ba da karatun NCE na ƙarshen mako da lokacin hutu.

Aikin Hakimi da malaminsa

1. A buɗe littafi a ofishin Hakimi. Ko wane dagaci ya kawo sunayen yaran ƙasarsa, maza da mata, da suka gama sakandare, da waɗanda ke kwalejin ilmi, da ajin da ko wanne ya ke. A sabunta shi ko wace shekara bayan kaka.

2. A duba sunan yaro da ranar haihuwarsa su zama iri ɗaya a takardar sakandare, da JAMB, da NIN, da BVN. In nan an rubuta Muhammadu can an rubuta Mamman, ko nan sunan uba can sunan gari, nema yana iya tsayawa. Gyara tun da wuri ya fi sauƙi.

3. Kada takardar shaidar ɗan ƙasa ta kwana a tebur. Tallafi yana da ranar rufewa. Kada kuma a sa hannu ga wanda ba a san asalinsa ba, don hakkin ɗan gari ne za a ba wani.

4. In an ji an buɗe neman tallafi ko rance, a sa sanƙira ya yi shela, a kuma roƙi limamai su faɗa ranar Jumma'a.

5. A gargaɗi jama'a game da macuta. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi zai samo wa yaro rance ko gurbin karatu, a kai maganarsa gaban Hakimi. Kada yaro ya ba kowa lambar sirrin asusunsa.

6. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A yi shawara da attajirai da ƙungiyoyin gari a ware wa ɗalibai hatsi da kaka, a rubuta abin da aka tara da wanda aka ba, a karanta a gaban jama'a. In gari ya ɗauki nauyin yaro bisa sharaɗin ya komo ya koyar, a rubuta sharaɗin gaban shaidu tun farko.

7. Ɗalibin da aka turo gwajin koyarwa baƙon dagaci ne. A ba shi masauki, a kula da shi.

8. In yaro ya gama, a sanad da Sakataren Ilmi na ƙaramar hukuma, domin in ana ɗaukar malamai a san akwai ɗan gari mai takarda.

Tun watan Yuli na 2024 ƙasashen Rano, Kibiya da Bunkure suna ƙarƙashin majalisar sarki ɗaya. Zai yi amfani ƙwarai Hakimai su riƙa kawo waɗannan littattafai majalisa sau ɗaya a shekara, a ga inda malamai ke fitowa da inda babu ko ɗaya.

Tambayoyi don tattaunawa da dagatai

1. Yara nawa ne daga ƙasarka ke koyon malanta bana, mata nawa ne a cikinsu?

2. Wa ya fara ya bari, mene ne kuwa dalilinsa?

3. Mene ne bambancin kyauta da rance da alkawari?

4. Wace makaranta ce a ƙasarka ba ta da malami ɗan gari, wa za a shirya mata?

Allah ya taimaki Hakimai bisa riƙon amanar jama'a, amin.