Amsoshin Tambayoyinku: Kuɗin Tara ko Abincin Gida?

Malama Hadiza daga Funtuwa ta aiko tana tambaya: ɗanta ya shiga aji ɗaya na firamare, kuɗin tara za ta riƙa ba shi, ko abinci daga gida?

To Malama Hadiza, mun gode. Abincin gida ya fi, musamman ga ɗan aji ɗaya. Ƙaramin yaro in ya riƙe kuɗi, ana kaɗa ƙararrawar tara sai wajen mai alawa, kafin a tashi kuwa yunwa ta hana shi sauraron malami. Ki zuba masa ɗanwake ko ƙosai a kwano mai murfi, ki haɗa masa da gorar ruwa. Kuɗin tara kam, ki bari sai ya ƙara wayo. Ki kuma ja masa kunne ya wanke hannu kafin ya ci.