Karanta Saƙon Kuskure Yayin Girka Manhaja a Kwamfuta

Sau da yawa ɗalibi yakan bi littafin jagora daki-daki domin girka manhaja, sai kwamfuta ta mayar masa da wasu layuka na Turanci, nan take jikinsa ya yi sanyi. Alhali kuwa waɗannan layuka bayani ne na abin da ya hana aiki tafiya, kuma wanda ya iya karanta su ya yi rabin gyara.

A tsarin Unix, wanda aka fara ƙirƙira a ɗakunan bincike na Bell da ke Amurka a 1969, da kuma Linux da ya biyo sawunsa a 1991, saƙon kuskure yakan zo da gaɓoɓi uku. Alal misali:

cat: darasi.txt: No such file or directory

Gaɓar farko sunan umarnin da ke magana ne, ta biyu abin da ake magana a kansa, ta uku kuma dalili, wato babu fayil mai wannan suna a inda aka duba. Galibi harafi ɗaya ne aka kuskure, domin a wannan tsari babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne. Idan aka ga "command not found", ko dai an rubuta umarnin ba daidai ba, ko kuma ba a girka shi ba tukuna. Shi kuwa "Permission denied" yana nufin mai aikin ba shi da izni. A nan ne ake bukatar hattara, don kuwa kalmar sudo tana ba da cikakken iko, kuma umarnin da aka ba ta bisa jahilci yana iya shafe fayilolin da na'urar ta dogara da su. A makarantar da kwamfuta ɗaya ce tak, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Bugu da ƙari, kowane umarni yakan bar lamba idan ya gama. Rubuta echo $? yana nuna ta: 0 alamar nasara ce, saura kuwa yawanci alamar matsala, kamar 127 da ke nufin ba a sami umarnin ba. Idan saƙonni suka yi yawa, a koma kan na farko, domin na baya sukan zama 'ya'yansa ne kawai. Kada kuma a wuce zuwa mataki na gaba alhali na baya bai kammala ba.

Ga malamai da masu rubuta jagora, wajibi ne a ƙarƙashin kowane umarni a nuna abin da zai fito idan an dace, da kuskuren da aka fi cin karo da shi, da maganinsa. Haka kuma a koya wa ɗalibi ya kwafe saƙon harafi da harafi kafin ya nemi taimako, domin matambayi ba ya ɓata, muddin ya kawo tambayarsa cikakkiya.