Aikin Tuƙin Jirgin Sama: Abin Da Ya Kamata Iyaye Da Matasa Su Sani

Garin Suleja, a Jihar Neja, shi ne a da ake kira Abuja. Bayan da Gwamnatin Tarayya ta yanke shawara a shekarar 1976 cewa za a gina sabon babban birni a wannan yanki, sai aka ba birnin sunan Abuja, tsohon garin kuma aka sa masa Suleja don girmama Sarki Sulaimanu Barau. Filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe ba shi da nisa da garin. Saboda haka yaran Suleja sun tashi suna ganin jirage suna giftawa ta sararin Dutsen Zuma, kuma da yawa daga cikinsu sun ƙudurta a ransu cewa wata rana su ne za su riƙe akalarsu. Wannan buri ne mai kyau. Amma kafin uba ya sayar da gona ko gida domin cika shi, wajibi ne ya san yadda al'amarin yake.

Takaitaccen Tarihi

A watan Nuwamba na shekarar 1925 ne jiragen sama suka fara sauka a Nijeriya, sa'ad da jirage uku na sojan Ingila suka taso daga Masar suka sauka a Kano. A 1958 aka kafa kamfanin Nigeria Airways, kuma Turawa ne mafi yawan matuƙansa a farkon lamari. Domin a sami 'yan ƙasa da za su karɓi aikin, sai aka kafa makarantar koyon aikin jiragen sama a Zariya a 1964, da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya. Makarantar ta yaye matuƙa da injiniyoyi masu yawa, maza da mata. Cikinsu akwai Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko da ta sami lasin tuƙin haya a ƙasar nan, wadda daga baya ta shugabanci makarantar. Kamfanin Nigeria Airways ya daina aiki a 2003, tun daga lokacin kuwa kamfanoni masu zaman kansu ne ke ɗauke da nauyin sufurin sama, kamar su Air Peace, da Max Air, da Rano Air, sai kuma Ibom Air na Gwamnatin Jihar Akwa Ibom.

Dalilin Ƙaruwar Bukata

Dalilai uku ne ke sa ake neman matuƙa. Na farko, kamfanoni suna ƙara yawan jiragensu. A 2019 Air Peace ya yi odar sababbin jirage 13 ƙirar Embraer daga Barazil, a 2021 kuma Ibom Air ya yi odar guda 10 ƙirar Airbus. Jirgi ɗaya kuwa ba matuƙa biyu kaɗai yake bukata ba. Shi ƙarfe yana iya yini yana tashi da sauka, amma ɗan Adam yana gajiya. Doka ta ƙayyade sa'o'in da matuƙi zai yi a sama, yadda ba za su wuce 1,000 a shekara ba. Don haka kowane sabon jirgi yakan bukaci matuƙa kimanin goma masu yin karɓa-karɓa.

Na biyu, ƙa'idar duniya ta hana wanda ya cika shekara 65 tuƙa jirgin fasinja tsakanin ƙasashe, watau kowace shekara sai an maye gurbin dattawan da suka ajiye aiki. Na uku, manyan kamfanonin ƙasashen Larabawa da na Turai suna janye ƙwararrun kyaftin da albashi mai tsoka. A 2024 kamfanin Boeing na Amurka ya ƙiyasta cewa duniya za ta bukaci sababbin matuƙa 674,000 cikin shekara ashirin.

Matakan Koyo

Aikin yana da matakai, kuma ba a tsallake ko ɗaya. Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Nijeriya, wadda aka fi sani da NCAA, ita ce ke ba da lasin a kowane mataki.

1. Lasin tuƙin kai. Ana ba wanda ya kai shekara 17 kuma ya yi sa'o'i 40 a sama. Mai wannan lasin ba shi da izinin karɓar lada a kan tuƙi.

2. Lasin tuƙin haya. Ana bukatar shekara 18 da sa'o'i kimanin 200, tare da iya tuƙi cikin hazo da duhu ta hanyar dogara ga na'urori. Da shi ne mutum zai iya zama mataimakin matuƙi.

3. Babban lasin sufuri. Ana bukatar shekara 21 da sa'o'i 1,500. Sai da shi ake zama kyaftin na babban jirgin fasinja.

Mai son shiga makarantar Zariya lalle ne ya ci darussa biyar da kyakkyawan sakamako a jarrabawar kammala sakandare, ciki har da Turanci da Lissafi da Fizis. Turanci shi ne harshen da matuƙi ke magana da shi da ma'aikatan hasumiya a ko'ina cikin duniya. Haka nan kuma sai likitan da hukuma ta amince da shi ya gwada idanu da kunnuwa da zuciya. Ban da Zariya, akwai wata makarantar a Ilori, Jihar Kwara. Rundunar sojan sama ita ma tana horar da nata matuƙa a Kaduna da Kano.

Inda Gizo Yake Saƙa

A nan ne mutane da yawa suke kuskure. Sukan ji an ce ana ƙarancin matuƙa, sai su zaci duk wanda ya fito daga makaranta aiki na jiransa. Ƙarancin da ake magana a kai na gogaggun kyaftin ne. Su kuwa sababbin hannu masu sa'o'i 200, sau da yawa sun fi guraben da ke akwai yawa.

Dalili kuwa shi ne, a makaranta da ƙananan jirage ake koyarwa. Kafin mutum ya zauna a kujerar babban jirgi irin Boeing 737, sai ya sake yin wani horo na musamman a kan wannan samfuri, cikin na'urar kwaikwayon tuƙi, a buga masa shaida a lasinsa. Kuɗin wannan horo miliyoyin naira ne, akasari da dala ake biya, kuma shaidar samfuri ɗaya ba ta aiki a kan wani. Kamfani yana son mai gogewa, gogewa kuwa ba ta samuwa sai an ɗauki mutum aiki. Bugu da ƙari, lasin da aka ajiye ba a amfani da shi sai an sabunta shi, tare da gwajin likita, duk da kuɗi.

An ga misalin wannan a Kano. A 2013 Gwamnatin Jihar ta tura matasa 100 ƙasar Jodan koyon tuƙi. Sun kammala sun dawo, amma da yawansu sun daɗe suna jiran aiki saboda rashin wannan shaida ta biyu. Ban da haka, sana'ar tana da hawa da sauka. A 2020, lokacin annobar korona, an ajiye jirage a duniya baki ɗaya, dubban matuƙa suka zauna a gida.

Shawara Ga Iyaye Da Hukumomi

Da farko, a kai yaro gwajin likita kafin a biya ko kwabo na makaranta, domin akwai lalurar ido ko ta zuciya da kan hana lasin. Na biyu, a lissafa kuɗin karatun tun daga farko har zuwa shaidar samfuri. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Na uku, a tabbatar hukumar NCAA ta amince da makarantar, in kuwa a ƙasar waje take, a sani cewa sai an juya lasin zuwa na Nijeriya bayan an dawo. Na huɗu, a yi hattara da dillalan da ke karɓar kuɗi da alkawarin samar da aiki. Jiha ko ƙaramar hukuma ko attajirin da ke son ɗaukar nauyin ɗalibai, ya kyautu ya fara ƙulla yarjejeniya da kamfanin da zai karɓe su, kada a kai su tsakiyar kogi a bar su.

Sa'an nan ya kamata a tuna cewa jirgi ba ya tashi da matuƙi kaɗai. Akwai injiniyoyin gyara, da masu ba da umarni daga hasumiya, da masu tsara tafiya, da masu hasashen yanayi, da ma'aikatan cikin jirgi. Ana koyar da yawancin waɗannan a Zariya, kuɗinsu bai kai na tuƙi ba, kuma bukatarsu tana ƙaruwa duk sa'ad da aka ƙara jirgi.

Yaron da ke aji a Suleja, ko a Sakkwato, ko a Fatakwal, ƙofa a buɗe take gare shi, haka ma yarinya. Abin da ake nema daga gare su yanzu shi ne su riƙe Lissafi da Fizis da Turanci da hannu biyu, su kiyaye lafiyarsu, su nisanci kayan maye. Iyaye kuma su nemi cikakken bayani daga makarantar ko daga ofishin hukumar kafin su yanke shawara.