Kafin Ka Sauya Sandar Bugun Farko

Ɗan'uwa mai tasowa daga Unguwar Dosa da sassafe zuwa filin golf na Kaduna, idan ka ga abokin wasa da sabuwar direba, sandar nan ta bugun nesa, kada zuciya ta ɗebe ka nan take.

Hukumomin R&A da USGA, masu tsara dokokin wasan, sun daɗe da ƙayyade girman kan sandar kada ya wuce cc 460, sun kuma taƙaita ƙarfin da fuskarta ke tunkuɗa ƙwallo. Saboda haka direbar shekara biyar da ta bana ba su da tazara mai yawa wajen nisa. Abin da sabuwa ta fi shi ne yafe kuskure idan ƙwallo bai sami tsakiyar fuska ba.

Ka sauya idan fuskar ta tsage, ko kana jin wani abu na kaɗawa cikin kanta, ko ta haura shekara goma. Haka idan shekaru sun rage maka saurin lilo, nemi mai gora mai laushi da kusurwar fuska digiri 12 maimakon 9.

In ba haka ba, fara da sabunta robar mariƙi, ka kuma nemi mai koyarwa ya duba tsayuwarka. Gyaran hannu ya fi sabon ƙarfe arha.

Idan ka yanke shawarar saye, gwada tsohuwa da sabuwa rana ɗaya, domin a lokacin hunturu ƙasa ta bushe, kowane ƙwallo gudu yake yi. Ka kiyayi jabu masu ɗauke da sunan Callaway ko TaylorMade. Araha ba ta ado.