Sayen Sabuwar Kwamfuta: Wurin Wa Za Ka Saya?

Tun shekarar 2015, sa'ad da hukumar JAMB ta mai da jarrabawar shiga jami'a gaba ɗaya bisa kwamfuta, iyaye da yawa suka gane cewa wannan na'ura ta fita daga cikin kayan alatu. Ɗalibi yana bukatarta, haka malamin makaranta, da akawu, da ɗan kasuwa. Wadda aka fi nema kuwa ita ce ƙaramar nan mai buɗewa kamar littafi, watau kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda 'yan kasuwa ke kira laftof. Kuɗinta ba kaɗan ba ne. Sau da yawa sai mutum ya yi watanni yana zubin adashi, ko ya sayar da dabba, kafin ya haɗa su. Tun kuma da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa cikin watan Yuni na 2023, duk abin da a ke shigowa da shi daga waje ya ƙara tsada. Sabo da haka kuskure ɗaya a nan babbar hasara ce.

Galibin masu saye tambayar da su ke yi ita ce, "Wace iri zan saya, HP, ko Dell, ko Lenovo?" Tambaya ce mai kyau, amma akwai wadda ta gabace ta, watau, "Wurin wa zan saya?" Gama kowane ɗaya daga cikin kamfanonin nan yana ƙera manya masu ƙarko, yana kuma ƙera ƙanana masu araha. Inda mutane suka fi cutuwa shi ne a hannun mai sayarwa.

IRI UKU NE A KASUWA

In ka shiga titin Beirut a Kano, ko Banex a Abuja, ko babbar kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas, iri uku za ka tarar. Akwai sabuwa dal, wadda ba wanda ya taɓa aiki da ita. Akwai wadda aka sabunta, watau an yi aiki da ita, ko an mai da ita sabo da wani aibi, sa'an nan aka gyara aka goge ta. Akwai kuma ta hannu, wadda a kan laƙaba wa sunan Landan ko da daga Amurka ko Dubai ta fito.

Sayar da kowace daga cikin ukun nan sana'a ce, ba laifi. Hasali ma ta hannu mai ƙarfi, irin wadda aka ƙera domin ofisoshi, ta kan fi wata sabuwar mai araha daɗewa. Laifin shi ne a sayar maka da ta biyu ko ta uku da sunan ta farko, a kuma karɓi kuɗin ta farko. Kada kwali ya ruɗe ka. Kwali ana sayensa, leda kuwa akwai injin da ke manne ta cikin minti guda.

To, ƙaƙa mutum zai bambance? Na'urar da kanta za ta ba da shaida, in dai mai kanti ya bari a tambaye ta. Wannan barin kuwa shi ne awon farko da za ka yi masa.

SHAIDU UKU

Kowace kwamfuta tana da lambarta wadda masana'anta ta ba ta, ba ta tarayya da wata a cikinta. Kamfanin Dell yana kiran tasa Service Tag, haruffa da alƙaluma bakwai ce. Lambar nan tana jikin kwali, tana ƙarƙashin na'urar, tana kuma rubuce a cikinta. Lalle ne ukun su zo daidai. Ka ɗauki wayarka, ka shiga shafin kamfanin na intanet, wurin duba garanti, ka rubuta lambar. Nan take za a nuna maka samfurin na'urar da ranar da garantinta zai ƙare. Galibin sababbi garantin shekara guda a ke ba su. In ka ga wata biyu ko uku sun zube, kada ka yi saurin zargi, gama wani lokaci a kan fara lissafi tun daga ranar da kayan suka bar masana'anta, kuma kamfanonin su kan gyara kwanan in an nuna musu rasit. Amma in ka ga garantin ya ƙare tun bara waccan, magana ta ƙare, ba sabuwa ba ce.

Shaida ta biyu batir ne. Windows tana da wani umurni, powercfg /batteryreport, wanda in an rubuta shi sai ta fito da rahoto. A ciki za ka ga ƙarfin da aka ƙera batirin da shi, da ƙarfin da ya ke iya ɗauka yanzu. A sabuwa su biyun kusan ɗaya ne. In na biyun ya kasa na farko da kashi ashirin ko talatin cikin ɗari, an daɗe ana caja shi. In ba ka iya wannan ba, ka tafi da wanda ya iya. Ko ɗanka na sakandare ya isa.

Ta uku ita ce furosesa, watau ƙwaƙwalwar na'urar, kuma a nan ne aka fi yi wa mutane wasa da hankali. Sai ka ji mai kanti yana cewa, "Alhaji, wannan fa Core i7 ce!" Gaskiya ya faɗa, sai dai bai ƙarasa ba. Kamfanin Intel ya fara amfani da sunan i7 tun 2008, kuma ya yi ta fitar da sabon zubi da wannan suna kusan kowace shekara. Lambar da ke bin sunan ita ke faɗin zubin. A i5-8250U, alƙalamin farko, 8, yana nufin zubi na takwas, na shekarar 2017. A i5-1235U kuwa alƙaluma biyu na farko, 12, suna nufin zubi na goma sha biyu, na 2022. Wannan i5 ɗin ta 2022 ta fi i7 ta zubi na huɗu, ta 2013, nesa ba kusa ba. Abin bai tsaya ga sauri kaɗai ba. Ran 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina tallafin da ya saba yi wa Windows 10, ita kuwa Windows 11 galibi daga zubi na takwas zuwa sama ta ke karɓa bisa ƙa'ida. Akwai masu cusa ta da dabara cikin tsohuwar na'ura domin ta yi kamar ta yau. Duk wanda ya nuna maka zubi na shida ko na bakwai ya ce sabuwa ce, ka yi masa sallama.

Wani mai kantin zai ce ba ya yage leda sai an biya. Yana da hujja, gama in ka fasa, shi aka bari da buɗaɗɗen kwali. Mafita ita ce ka duba lambar jikin kwali tukuna, sa'an nan ku yi sharaɗi cewa in ka biya a nan gabansa za a buɗe, in abin da ke ciki ya saɓa wa abin da aka faɗa, a mai da maka kuɗinka. Mai gaskiya ba ya ƙin wannan.

RASIT DA GARANTI

A bakin kowace babbar kasuwa akwai samari masu tarye, "Yallaɓai, me a ke nema?" Da yawansu ba su da ko teburi. Za su zaunar da kai, su ruga wani kanti su ɗauko, su ɗora la'adarsu. Ranar da na'urar ta lalace ba ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa ba. Ka nemi kanti mai suna a rubuce, wanda maƙwabta suka san ya shekara da shekaru a wurin. In ta banki za ka biya, ka tura cikin asusun da ke ɗauke da sunan kantin, kada ka tura wa yaron kanti.

Rasit kuma ba takarda ce da a ke rubuta "laftof ɗaya" kawai ba. A sa sunan kanti da adireshinsa, da kwanan wata, da samfurin, da lambar nan ta masana'anta, da kalmar "sabuwa", da tsawon garanti. Ka tambaya kuma, garantin wa? Na kamfani dabam, na kanti dabam. Na kanti wani lokaci mako biyu ne tak. Na kamfani kuwa ba kullum ya ke bin na'ura daga ƙasa zuwa ƙasa ba. In ka ga cajar tana da filogi mai faffaɗan haƙora irin na Amurka maimakon mai ƙafa uku irin namu, ko madannan an jera su bisa tsarin Faransanci, an yi ta ne domin wata kasuwa. Tana iya zama sabuwa sarai, amma sai mai kanti ya gaya maka inda za a kai ta gyara a ƙasar nan, da wanda zai biya. Ka kuma sani, garanti ba ya ɗaukar faɗuwa, ko zubar shayi, galibi ma har ƙonewa daga hauhawar wutar lantarki ko ta janareto.

Batun farashi gajere ne. Ka rubuta cikakken samfurin a takarda, da yawan ram, da girman ma'ajiya, ka kai kanti uku. Alal misali, in biyu sun ce naira 480,000 da 495,000, na uku ya ce 390,000, kada ka yi murna tukuna, ka nemi dalili. Watakila ram ɗin 4 giga ne maimakon 8, watakila ba Windows mai lasisi a ciki, watakila kuma ba sabuwa ba ce. Gyaran jaka da linzami da a ke ƙarawa bai kai ya ɗauke maka hankali ba.

Masu saye ta intanet su lura, manyan shafuna irin su Jumia da Konga, waɗanda aka kafa a 2012, kamar kasuwa su ke: 'yan kasuwa dabam dabam ne ke baza kaya a ciki. Ka duba sunan mai sayarwa, da abin da waɗanda suka saya wurinsa suka ce, da kwanakin da aka ba ka na mayarwa. Wanda ka gani a Facebook ko WhatsApp kuwa, ba kanti, ba adireshi, yana cewa ka turo kuɗi tukuna, wannan cinikin biri a sama ne.

IN AN CUCE KA

Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye wata uku daga ranar da ya karɓi kaya. In kayan sun fito da aibi cikin wannan lokaci yana da ikon mayarwa, a gyara, ko a sake masa, ko a ba shi kuɗinsa. Rubutun nan da wasu ke bugawa a gindin rasit, wai kayan da aka saya ba a mayarwa, bai soke wannan haƙƙi ba.

Ka fara komawa kantin da kanka, da rasit, cikin lumana. In ba a saurare ka ba, ka rubuta takarda mai kwanan wata, ka riƙe kwafi. Daga nan sai shugabannin ƙungiyar kasuwar, gama su kan raba irin wannan gardama cikin yini guda, ba sa son sunan kasuwarsu ya ɓaci. In duk wannan bai yi ba, ka kai ƙara ga hukumar, ko a ofishinta ko ta shafinta na intanet, tare da hoton rasit da shaidar biyan kuɗi. Kafin nan kada ka bari wani mai gyara na gefen titi ya kwance na'urar, gama da zarar an ga alamar sukurdireba mai kanti ya sami abin fakewa. Kwalin ma ka ajiye shi, da takardun da ke ciki, har watannin nan uku su wuce.